Birar 'Yan Dako

Ka'akiyya, Makka
Cikin watan Rajab

Zuwa ga ɗana Marwan,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya kamar yadda ta bar mu. Yaya sanyin Ingila, yaya tarin nan da ka ce yana tashe ka da safe? Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da ta ƙi jin magani, sai kuma 'yan umara da suka cika Kudai har wainar da nake sayarwa ba ta kai hantsi a faranti.

Ka yi haƙuri da rubutuna. Ka san da furfura na shiga ajin Hajiya Zinariya maƙwabciyarmu, har yau hannuna ya fi sanin muciya da alƙalami. Ƙanwarka Suhaila ta ce me zai hana in yi maka saƙon murya kamar kowace uwa. Na ce mata murya gudu gare ta, kafin in kamo ta ta faɗi abin da ban shirya ba. Takarda kuwa jira na take yi. Ita dai nata ta ɗauki hoto ta aika maka, kuma tunda ba ta karanta Hausar boko, abin da ke tsakaninmu yana nan tsakaninmu. Kai ma na san Larabci ya fi zama a bakinka. Ka karanta a bayyane, a hankali, za ka ji ni.

Labarin aikinka ya iso, na yi sujada a tsakar ɗaki har Suhaila ta zaci faɗuwa na yi. Duk shekarun da ka yi kana karatun abinci ina tambayar kaina wane irin karatu ne wannan da mace ke gamawa a madafa babu jami'a. Ashe ga inda zai kai ka. A zaunar da mutum, a jera masa kofuna, ya ɗanɗana ya ce wannan ta yi, wannan ba ta yi ba, kuma a kira shi ma'aikaci! Ni tun kafin a haife ka nake wannan aiki a bukukuwan unguwar Shisha, a kira ni in zagaya tukwane da cokali, ladan dai cinyar kaza ce a leda da Allah ya saka, Ɗaso.

Harshen nan nawa ne, kada ka bari Turawa su ce su suka ba ka. Kana ɗan ƙarami, ranar da na sauya mai daddawa, ka ture kwano ka ce wannan ba miyar gidanmu ba ce. Babanku, Allah ya jiƙansa, ya yi dariya har ya ƙware.

Da ka ce kamfanin bira ne sai hankalina ya kwanta, don abu ne da na sani. Babu baƙala, ɗan kantin lungu, da za ka shiga a unguwar nan ba ka gan ta jere a firji ba, ta tuffa, ta lemo, ta rumman, da farar nan ta sha'ir zalla da masu ciwon ƙoda ke sha. Na sa Suhaila ta sayo katan ta tuffa na raba wa maƙwabta sadaka, kowa na miƙa masa sai in ce irin aikin Marwan ke nan. Ranar Juma'a kuma na shiga bas daga Kudai na tafi Harami, na tsaya inda nake hangen Ɗakin Allah, na roƙa wa kamfaninku kasuwa da albarka, shi da masu shi da duk mai ci a ƙarƙashinsa.

Abu ɗaya ke damuna, shi ne sukari. Birar nan zaƙi gare ta, ga gas, kai kuma kullum sai ka sha. Ka san ciwon sukari ne ya ci ƙafar kawunka. Don Allah kada ka riƙa shanye kofin duka, kurɓi ɗaya ya ishi mai harshe. Ka bi da ruwa, ka ci abinci kafin ka fita, ka rufe wuyanka.

Suhaila na gaishe ka. Hajiya Zinariya ta tafi Kano ganin jikoki, da tana nan da ta gyara mini kurakurai. Allah ya yi maka albarka, ya sa albarka a aikinka.

Mahaifiyarka,
Ɗaso


Ka'akiyya, Makka
Tsakiyar Sha'aban

Marwan,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Mu ma muna lafiya a jiki.

Ban so in rubuta yau ba, amma in na bari ya kwana ban san abin da zai zama a cikina ba.

Hajiya Zinariya ta dawo. Jiya muna gidan biki a Shisha, a madafa, mata cike, ina kan tukunyar miyar taushe, sai bakina ya kasa shiru kamar yadda ya saba tun Rajab. Na ce mata ba ta ji ba, ɗalibarta ta haifi babban mutum, Turawa sun ɗauke shi ɗanɗana bira. Ta ce a ina. Na ce a Ingila mana. Sai ta ajiye ludayi, ta goge hannu, ta ce in zo in taya ta neman takalminta a bene. Ni kuwa ina ganin takalmin a ƙafarta.

A kan matakala ta gaya mini. Ka san ita ba irina ba ce da aka shigo da ni ta Sudan a goye, ban san ko'ina ba sai garin nan. Ita ta zauna Legas, ta ga duniya. Ta ce, Ɗaso, ke da harshe, amma kunnenki na Makka ne. Birar nan tamu an cire mata haƙora kafin ta shigo. Ta can da haƙoranta take. Ita ce Hausawa ke kira giya.

Na yi mata gardama. Na ce ɗana a sahun gaba ya tashi, na ce ai suna ɗaya ne, kwalba ɗaya ce. Ba ta ja da ni ba. Ta dai ce kura ma da kare kama suke yi daga nesa, in kira ka in tambaya.

Na koma madafa aka miƙo mini cokali. Marwan, na sa miya a baki ban ji komai ba. Kamar ruwan ɗumi. Na ce ta yi, aka kwashe, aka kai wa mutane miya babu gishiri. Tunda nake ba a taɓa dawo da kwano da sunana ba sai jiya.

Ban kira ka ba, don na san in na ji muryarka zan yarda da duk abin da ka faɗa. Saƙonka na farko na koma na yi ta saurare. Ba ka yi mini ƙarya ba, bira ka ce. Amma ka san wace bira ce a kaina, a unguwar nan ka girma, ni na sha aiken ka sayo ta in mun yi baƙi. Ka ji ni ina yi maka faɗan sukari, ka ce to Umma, zan kiyaye. Yaya ka ji a ranka lokacin da kake faɗin haka?

Katan guda na raba. Matar liman kwalba biyu ta sha, ta ce Allah ya ƙara wa Marwan irin wannan aiki, na ce amin. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya tsaya mini shi ne Juma'ar nan. Na tsaya gaban Ɗakin Allah da tafukana a buɗe na roƙa wa gidan giya kasuwa. Yaya ake janye addu'a? Wane malami zan tambaya ba tare da na tona maka asiri ba?

Hajiya Zinariya ta yi alkawari ba za ta gaya wa kowa ba. Suhaila ba ta sani ba, ko kuwa ta sani tun farko tana kallona, ban tambaya ba, na gaji.

Ka rubuto mini gaskiya. In ta yi kuskure ka ce ta yi kuskure, in je in yi mata dariya.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka,
Ɗaso


Ka'akiyya, Makka
Cikin azumi

Zuwa ga ɗana Marwan,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Barka da shan ruwa. Yaya ibada, da me kake buɗe baki a can? Na ji daɗi da ka ce sun ba ka hutun ɗanɗano har a ga wata. Ko ba komai akwai watan da bakinka ke hutawa.

Amsarka ta iso. Hajiya Zinariya ba ta yi kuskure ba, ka faɗa da bakinka, na gode da ba ka kewaya ba. Na kuma ji sauran bayanin: ka buga ƙofofi da yawa ba wadda ta buɗe sai wannan, takardar zamanka a can a jikin aikin take ɗaure, in ka ajiye shi sai ka bar ƙasar. Ka bar ta ka je ina? Iƙamarka, takardar zamanka ta nan, ta mutu tun da ka fita, garin da aka yanke maka cibiya sai da biza za ka shige shi. Ƙasar da ke rubuce a fasfonka kuwa ko hanyar tasha ba ka sani ba a cikinta. Duk na san wannan. Ba sai ka tuna mini ba, ni na raka ka filin jirgi.

Ka ce ka lura na yanke rabin addu'ata, na sa maka albarka ban sa wa aikinka ba, kuma wannan ya fi maka ciwo da a ce zagin ka na yi. E, na yanke. Ba mantuwa ba ce. Na kai alƙalami wurin, ya ƙi tafiya. Kai ɗana ne, albarkarka ba ta da sharaɗi. Amma ba zan sake buɗe hannu in roƙa wa abin nan yalwa ba, na yi sau ɗaya cikin jahilci ya ishe ni.

Hajiya Zinariya ta ce in tsaya maka tsaye, in ce ko aiki ko uwa. Ta ce haka ake yi wa yaro, a ja igiya ya dawo. Na ce mata ita 'ya'yanta suna da inda za su dawo. In na ja igiyar nan ta tsinke, ni ce zan zauna da guntun a hannu.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauko takarda. Shekaranjiya da la'asar ina haɗa miyar buɗa baki ta masu saye, na ɗebo a bayan cokali na taɓa a kan harshe don in ji gishiri, na juya na tofar a kwatami, na kurkure baki. Haka nake yi duk azumi tun ina amarya. Malamai sun ce mai girki in ta taɓa ta tofar, bai wuce maƙogwaro ba, azuminta na nan. Ina tsaye da cokalin sai na ji kamar an buɗe mini taga. Na ce ashe Marwan ɗanɗano aka ɗauke shi, ba sha ba. Mai ɗanɗano ai ba ya buƙatar ciki. Ni da nake gane albasar da ta ƙone a tukunyar mutum ɗari da ɗigo ɗaya, ban taɓa haɗiyewa ba kafin magariba.

Na san ba daidai ba ne. Na san miya halal ce ita kuwa ba haka ba, kuma in na kai wa malami wannan lissafi zai kore ni da carbi. Ba fatawa nake nema ba. Wuri nake nema da zan ɗan jingina, don na gaji da tsayuwa.

Saboda haka ka gaya mini abu ɗaya. In sun jera maka kofunan nan, kana tofarwa ko kana haɗiyewa?

Kada ka yi saurin amsawa don ka faranta mini. Amma in tofarwa kake yi, ka yi sauri.

Suhaila ta ce ka aiko mata hoton dusar ƙanƙara in ta rage. Allah ya karɓi ibadarmu, ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka,
Ɗaso


Ka'akiyya, Makka
Bayan ƙaramar salla

Marwan,

Assalamu alaikum. An yi salla lafiya? Mu mun yi, alhamdu lillahi. Ban fita yawon gaisuwa ba, na ce gwiwa ce.

Ka amsa. Ni na ce ka faɗi gaskiya, ka faɗa, ga shi ina zaune ina cewa da ma ka yi mini ƙarya.

Na karanta bayaninka har na kusa haddace shi. Ka ce masu ɗanɗana ruwan inabi su suke tofarwa, ku ba ku da wannan hanya. Ka ce akwai wani fure mai ɗaci da ake zubawa a cikin taku, hof ko me, kuma ɗacinsa ba ya gama fitowa a kan harshe, sai ya gangara maƙogwaro, a jira, sannan ya dawo ya faɗi gaskiyarsa. Wanda ya tofar rabin labari ya ji. Ka ce kaɗan ne, bai taɓa juya maka kai ba. Marwan, ban tambaye ka yawa ba. Tagar da na ce an buɗe mini, ka rufe ta a hankali cikin ladabi, amma ta rufu.

Abin da ya ba ni haushi, na gane maganar. Shuwaka haka take, kunun tsamiya ma haka. Akwai abin da baki ba ya sani sai wuya. Ina karantawa ina gyaɗa kai kamar abokiyar aikinka, sai na tuna a kan me muke magana.

Sai kuma ka ba ni labarin wadda aka damƙa maka, baƙar nan da kuka gasa wa sha'ir har ya yi duhu. Ka ce sunanta fota, ma'anarsa ɗan dako, don 'yan dakon kasuwar can ne suka fara shan ta a zamanin da. Na san don me ka gaya mini. Kana so in tuna babanku in yi laushi. To na tuna shi. A halagar Ka'akiyya, kasuwar kayan miya, ya yi dako har bayansa ya lanƙwashe, buhun albasa, kwandon tumatir, daga mota zuwa rumfa. In ya dawo abin da yake sha gahawa ce, irin tamu ta mutanen Sudan, wadda nake soyawa a kasko har ta kusa ƙonewa, babu sukari, ya ce zaƙi na masu zama ne. Shi ne ɗan dakon da na sani. Bai taɓa sanin an yi wa sana'arsa kwalba ba.

Na je halaga sayen albasa makon nan, na tsaya ina kallon masu ɗaukar kaya har mai rumfa ya ce Hajiya lafiya. Na ce lafiya. Na dawo ba albasa.

A ƙarshen saƙonka ka ce kana haɗa irin wannan baƙar amma marar maye, wadda ba ta taɓa zama giya ba tun daga tukunya, kuma in ta karɓu za a mayar da kai ɓangarenta ka rabu da sauran kofunan. Allah ya sa. Amma ka yi haƙuri, ban iya yin murna ba. Kalma ta cuce ni sau ɗaya a shekarar nan, yanzu ko ruwa aka ce mini sai na leƙa kofin.

Aikin hajji ya gabato, za ka ji ni shiru. Ba fushi ba ne, tukwane ne. Ka rufe wuyanka ko da sun ce bazara ta shigo.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka,
Ɗaso


Ka'akiyya, Makka
Farkon Muharram

Zuwa ga ɗana Marwan,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya jikinka, yaya tari? Alhazai sun watse, Kudai ta yi shiru, ni kuma kamar an daka ni a turmi. Zafi ya kai inda ko famfo ka buɗe sai ka jira ruwan ya huce. Suhaila lafiya, Hajiya Zinariya lafiya.

Saƙonka ya iso tun kafin Arfa. Wani Sa'ud ya kawo, ya ce yana aiki da ɗan kasuwar Jidda da kamfaninku ya aika wa samfur, kuma ka roƙe shi ya cire mini kwalba ɗaya. Na karɓa da hannun hagu, na tura ta cikin buhun shinkafa, ta yi hajji a can. Duk sanda na ɗebi shinkafa sai yatsana ya taɓa wuyanta.

Suhaila ta gan ta. Ta karanta mini Larabcin da ke jiki, ta ce an rubuta babu maye ko ɗigo, kuma ai da akwai da ba ta wuce tashar jirgin ruwa ba. Ta faɗa tana kallon gefe, a nan na gane ta daɗe da sanin komai. Na ce mata rubutu ai mutum ne ya yi shi, ni ma yanzu na iya. Takardar jikin kwalba ba ta ishe ni ba, hatimin hukuma bai ishe ni ba. Da na zauna na tace abin, sai na ga ba abin da ya rage sai maganarka. Ka ce, Umma, da hannuna na dafa ta, babu komai a ciki. Kai kuma ka taɓa bari na da kalma.

Jiya bayan la'asar na aiki Suhaila gidan Hajiya Zinariya, na kulle ƙofa. Na bi yadda ka tsara: kada ta yi sanyi ƙarara, kofin gilashi mai haske, a karkata shi a zuba a hankali. Amma na ƙara abu ɗaya da ba ka ce ba. Na ajiye tasa a gefena. Niyyata in yi ɗanɗanon mai azumi, in taɓa in tofar, in rubuto maka wani abu mai daɗin ji.

Ga abin da na gani. Baƙa ce kamar gahawar da aka manta a wuta, amma da na ɗaga ta saitin taga sai gefenta ya yi ja kamar zoɓo mai kauri. Kumfarta ba fara ba ce, launin ƙosai ne da bai gama soyuwa ba, kuma ba ta gudu kamar ta baƙala, ta zauna ta bar zane a jikin kofi. Na kai hanci. Ƙanzon tuwo na fara ji, na ƙasan tukunya wanda kuke faɗa a kansa kai da Suhaila. Bayansa gahawa. Bayansa wani ɗanyen ƙamshi kamar an murza ɓawon lemun tsami da ganye a tafin hannu, na ce wannan shi ne furen naku.

Sai na tsaya, don ban san ko zan yi bisimilla ba. Wanda zai tofar ba ya buƙata. In giya ce, ambaton sunan Allah a kanta ya fi shan muni. In kuwa halal ce, ban taɓa kai abu ciki babu bisimilla ba. Na zauna da kofi a hannu har kumfar ta fara sauka. Na tuna da na tambaye ka haɗiya ko tofi, ƙarya tana kusa da kai, mai sauƙi, ba wanda zai kama ka, kuma ka san ita nake roƙo. Ba ka ba ni ita ba. Na ture tasar da ƙafa, na yi bisimilla, na kurɓa, na haɗiye.

A kan harshe tana da ɗan zaƙi kaɗan, na dabinon da ya bushe, da kauri kamar kunun da aka tsinka. Na ce ashe abin bai kai yadda ake faɗa ba. Sai na jira kamar yadda ka ce. Marwan, ɗacin nan ya taso daga wuya ya kama mini baki har kunne. Ba ɗacin maɗaci ba ne, mai tsabta ne, amma ba shi da niyyar tafiya. Da na tofar da ban san da shi ba. A nan ka yi gaskiya.

Na shanye kofin, don kurɓi ɗaya ba ya gwada amana. Daga nan na zauna jiran maye. Ka san ban san kamanninsa ba. Na kashe gas, na zauna a ƙasa nesa da taga don kada in yi abin kunya maƙwabta su ji. Na karanta Fatiha, ta fito daidai. Na kira sunayen kakannina, ba wanda ya ɓace. Na tashi na bi layin tayil daga ƙofa zuwa madafa, na karkace, gabana ya faɗi, sai na tuna gwiwar hagu ce, haka nake tafiya tun bara. Har aka kira magariba ba abin da ya zo sai gyatsa. Na yi alwala na yi salla da hankalina.

Yanzu hukunci, tunda shi ka nema, kuma ba zan sassauta maka don kai ɗana ne ba. Gashin sha'irin ya yi, kada ka taɓa shi, ka tsaya daidai gaɓar da ƙamshi ke shirin zama ƙauri. Kaurin ya yi. Furen ya yi yawa. Yana shigowa kamar baƙon da ya fi mai gida murya, ya hana a ji gahawar har ƙarshe. Ka rage masa hannu kaɗan. Amma kada su sa ka zuba sukari don ka biyo ta baƙala, in ka yi haka ka ɓata ta. Matan unguwar nan ba za su saya ba, matar liman ko rabin kofi ba za ta kai ba. Ni ma ba zan ce ina marmarin ta ba. Babanku zai sha. Zai ɓata fuska, ya ce wannan wane irin abu ne, ya miƙo kofi a ƙara masa.

Ban ce na huta ba. Na san gobe za ka koma aiki su jera maka sauran kofunan, kuma za ka haɗiye. Wannan yana nan a wuyana kamar furen naku. Kullum ina roƙon Allah ya yafe maka, ya gaggauta fitar da kai, kai ma kada ka daina roƙo, kada kuma ka saba. Ka gyara wannan ɗin da sauri su karɓa.

Ranar Juma'a in gwiwa ta bari zan koma Harami, wurin da na tsaya a Rajab. Na daina neman yadda ake janye addu'a. Zan dai je in yi bayani, in faɗi wadda nake nufi, da launinta da sunanta, don kada a sake samun kuskure.

Kwalbar na wanke ta. Ban jefa a shara ba don kada a gani a yi tambaya, ta koma cikin shinkafa.

Suhaila na gaishe ka. Ka ci abinci kafin ka fita. Allah ya yi maka albarka, ya sa albarka a baƙar nan ta 'yan dako, ita kaɗai, har ranar da zan rubuta maka sauran addu'ar ba tare da alƙalami ya tsaya ba.

Mahaifiyarka mai ƙaunarka,
Ɗaso